Yadda za ku gabatar wa yara al'adun Meksiko da bukukuwan iyalansu

Yawancin yaranmu da suka taɓa jin sunan Meksiko ta hanya biyu suka ji shi: ko a filin ƙwallo, ko a fim ɗin da ake nuna masu fataucin ƙwaya da bindigogi. Wannan kaɗan ne ƙwarai daga ƙasar da ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 126, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da Sifaniyanci, kuma bayan Sifaniyancin tana da harsunan asali 68 da gwamnati ta amince da su. Ƙofar da ta fi sauƙin shiga da yaro ita ce ta bukukuwan iyali, domin shekarar mutanen Meksiko a kan bukukuwa take tafiya, kuma a yawancinsu yara ne a tsakiya.

Kafin a fara, ku riƙe ƙa'ida ɗaya. A cikin waɗannan al'adu akwai abin da wasa ne da girki da aikin hannu, akwai kuma abin da ibada ce ga masu shi. Na farko za ku yi shi tare da yara a gida ko a aji. Na biyu za ku yi musu bayaninsa da mutuntawa, ba sai an kwaikwaya ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan rabe-raben aka gina su.

Mataki na farko: taswira da tuta

Wannan ba ya cin lokaci. Ku buɗe taswirar duniya, yaro ya ɗora yatsa a kan garinsu, ya ja shi yamma ya tsallake tekun Atilantika har ya sauka a ƙasar da ke kudu da Amurka. Sai ku nuna masa tuta: kore, fari, ja, a tsakiya ga gaggafa tsaye a kan wani tsiro mai ƙaya da suke kira nopal, ta kama maciji a baki. Labarin da ke bayanta yara suna sonsa. Mutanen Aztek sun yi ta yawo suna neman mazauni, an ce musu inda suka ga gaggafa a kan wannan tsiro nan ne gida. Suka gan ta a wani tsibiri a tsakiyar tafki, suka gina birnin Tenochtitlan a 1325. Turawan Sifaniya ƙarƙashin Hernan Kortes suka ci birnin a 1521, kuma a kan kufansa babban birnin Meksiko na yau yake zaune. Ku ba su fenti su zana tutar. Idan akwai mai son ƙwallo a cikinsu, ku gaya masa Meksiko ce Najeriya ta doke da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013. Nan take zai saurara.

Mataki na biyu: ku shiga kicin

A nan za ku fi daɗewa, domin a nan ne alaƙarmu da su take a fili. Ku ɗebo masara da tumatir da barkono ku ajiye a gaban yara, ku tambaye su daga ina waɗannan suka fito. Za su ce daga gona, ko daga kasuwa. Sai ku gaya musu cewa masara a kudancin Meksiko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai suna teosinte wadda ba ta da ƙwayoyi sai 'yan kaɗan masu tauri. Manoman can ne suka yi ta zaɓen iri, zuriya bayan zuriya, har ta zama goyon masarar da muka sani. Tumatir da barkono ma daga nahiyarsu suka zo mana. Mu kuma abin da ke tafiya can daga wurinmu shi ne zoɓo. Meksiko tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da Najeriya ke fitarwa, wanda ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina da maƙwabtansu. Can suna kiransa jamaica, ana furta shi hamaika, kuma da wuya ka shiga gidan abinci ka rasa shi cikin manyan tulunan gilashi, kusa da ruwan tsamiya.

To ku fara da shi. Kofi ɗaya na busasshen zoɓo, a wanke, a tafasa da ruwa kofi huɗu na minti goma, a sauke a bar shi ya huce, a tace, a ƙara ruwan sanyi kofi huɗu, sai sukari da ɗan lemun tsami. Ku bar citta da kanumfari a wannan karon, domin nasu galibi ba ya ɗaukar kayan ƙamshi da yawa kuma ya fi namu tsinkewa. Ku haɗa namu a wani kofin, yara su ɗanɗana biyun su faɗi bambanci.

Abin sha na biyu shi ne horchata, ana furta shi orchata. A jiƙa kofi ɗaya na shinkafa da sandar kirfa ɗaya a ruwa kofi huɗu ya kwana, da safe a markaɗa a bilanda, a tace da ƙyalle mai tsafta, a sa sukari, mai so ya ƙara madara. A Sifaniya, inda sunan ya fito, da aya ake yin sa. A Meksiko shinkafa ta maye gurbin ayar.

Sai babban abinci, wato tortiya, siririyar gurasar da ake naɗe komai a cikinta. Ga wani gargaɗi da zai hana ku ɓarnar gari: garin masarar tuwo ba ya yin tortiya, farfashewa yake yi. Su kan dafa masarar tukuna da wata farar ƙasa ta abinci ko da toka, ta kwana a ruwan, a wanke, sannan a niƙa. Wannan dahuwar ce ke sa ƙullun ya yi danƙo, kuma tana ƙara wa masarar amfani a jiki. Idan ba ku da halin wannan, ku yi irin ta arewacin ƙasar, wadda ake yi da fulawa. Fulawa kofi biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, man gyaɗa babban cokali uku, ruwan ɗumi kimanin kashi uku cikin huɗu na kofi. A kwaɓa har ya daina manne wa hannu, a rufe ya huta minti talatin, a raba ƙwallo takwas. Yara su murza da kwalba mai tsafta har ya yi faɗi. Babba ne zai gasa a busasshen kasko mai zafi, ba mai, kowane gefe ƙasa da minti ɗaya, har ya yi ɗigo-ɗigon ƙonuwa. A lulluɓe su da tawul don kada su bushe.

Abin zubawa a ciki duk muna da shi: dafaffen wake da aka ɗan farfasa, kaza da aka yayyaga, sai yankakken tumatir da albasa da ɗanyen barkono da lemun tsami da gishiri. Idan lokacin fiya ne, a dame ta da cokali da lemun tsami da gishiri da albasa, shi ne gwakamole. Kowa ya naɗe nasa da hannu, ya zama tako. Idan damina ce kuma akwai sabuwar masara, ku gasa ta ku shafa lemun tsami da yaji, haka ake sayar da ita a titunansu, wasu har da mayonis da cuku.

Abin lura ga gidan Musulmi: girke-girkensu da yawa suna ɗauke da naman alade ko kitsensa, musamman a wake da tamale, wani turaren ƙullun masara mai kama da alala. Idan kuka ɗauko girki daga intanet kuka ga manteca (kitse) ko puerco (alade), ku musanya da man gyaɗa da naman kaza ko na sa.

Mataki na uku: ku zana kalandar shekararsu

Ku samo babban kwali, ku raba shi gida goma sha biyu, ku manna a bango. Duk bikin da kuka karanta yara su zana hotonsa a watansa. Ranar 6 ga Janairu ita ce Ranar Sarakuna Uku, ranar da yaran Meksiko da yawa ke samun kyauta, bayan sun ajiye takalmansu a daren da ya gabata. Iyali su taru a yanka wani zagayayyen burodi mai suna roska, wanda aka ɓoye ɗan ƙaramin mutum-mutumi a cikinsa. Wanda ya same shi a yankinsa, shi zai ciyar da kowa tamale ranar 2 ga Fabrairu. Tamale ƙullun masara ne da ake zuba wa nama ko miya, a naɗe a ɓawon masara ko ganyen ayaba a turara, kusan yadda muke yin alala. Ranar 30 ga Afrilu ta yara ce, makarantu kan yi musu wasanni da rabon alewa. Ranar 10 ga Mayu ta iyaye mata ce, kuma ba ta motsi, ko wace rana ta faɗo.

Akwai kuskure ɗaya da ya yaɗu, gara ku gyara shi tun da wuri. Ranar 5 ga Mayu ba ranar 'yancin kan Meksiko ba ce. Tunawa ce da yaƙin Puebla na 1862, inda sojojin Meksiko ƙarƙashin Janar Ignasiyo Saragosa suka kori rundunar Faransa, kuma an fi raya ta a Amurka fiye da a Meksiko kanta. Ranar 'yanci ita ce 16 ga Satumba. A wannan rana a 1810 wani limamin coci, Migel Hidalgo, ya kaɗa ƙararrawa a garin Dolores ya kira jama'a su tashi su yaƙi mulkin Sifaniya, yaƙin da bai ƙare ba sai 1821. Har yau, daren 15 ga Satumba da misalin ƙarfe sha ɗaya, shugaban ƙasa kan fito barandar fadar gwamnati ya kaɗa ƙararrawa, ya kira sunayen jarumai ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna amsawa da “Viva”, wato ransa ya daɗe. Wannan yara za su iya kwaikwaya: ɗaya ya hau kujera da murfin tukunya da cokali, saura su amsa. Ku sanar da maƙwabta tukuna.

Idan yaran sun haura shekara goma, ku ƙara musu da labarin Gaspar Yanga, ɗan Afirka da aka kai bauta, ya jagoranci tawaye a tsaunukan Berakrus, kuma akwai gari mai sunansa a yau. A ƙidayar 2020 kimanin mutum miliyan biyu da rabi suka bayyana kansu a matsayin masu asali daga Afirka.

Mataki na huɗu: ku haɗa pinyata

Pinyata wani ƙoƙo ne na takarda mai ado da ake cika shi da alewa, a rataye, yara su yi ta bugu da sanda har ya fashe. Wannan shi ne abin da yara ba za su manta ba, kuma yana buƙatar kwana uku zuwa huɗu, don haka kada ku fara shi ana gobe biki. Asalinsa a Meksiko yana haɗe da Posadas, darare tara daga 16 zuwa 24 ga Disamba, lokacin da maƙwabta ke bin gida-gida da kyandir suna waƙa, suna tuna yadda Maryam da Yusufu suka yi ta neman masauki kamar yadda Kiristoci suka ruwaito. Ana danganta farkon al'adar da garin Akolman kusa da babban birnin, a ƙarshen ƙarni na 16. Pinyata ta gargajiya tauraro ce mai tsini bakwai, kowane tsini yana wakiltar ɗaya daga manyan zunubai bakwai a koyarwar Katolika, fasa ta kuma alama ce ta cin galaba a kan sharri. Amma a yau ana fasa pinyata a kusan kowane bikin zagayowar ranar haihuwar yaro, cikin siffar jaki ko mota ko duk abin da yaron yake so, ba tare da wata alaƙa da coci ba. Saboda haka kuna da zaɓi. Gidan Kirista zai iya yin mai tsini bakwai da ma'anarta. Wanda yake son wasan kaɗai ya yi siffar kifi ko ƙwallo ko kankana.

Da can tukunyar ƙasa ake lulluɓewa da takarda. Kada ku yi haka, tsingaronta yana yanka. Ku hura babban balan-balan. Ku dama fulawa kofi ɗaya da ruwa kofi biyu har ya yi kauri ba gudaji, ko ku dama sitaci irin na guga. Yara su yayyaga tsofaffin jaridu tsaye-tsaye, faɗin yatsa uku. A tsoma kowace a cikin damun, a share abin da ya yi yawa da yatsu biyu, a manna a jikin balan-balan, a bar wani fili kamar tafin hannu a wajen ƙullin. Idan an rufe ko'ina, a kai rana ya bushe ƙarau kafin a sake wani rufin. Gaggawa a nan ita ke ɓata aiki: in aka ɗora jiƙaƙƙe a kan jiƙaƙƙe, ciki zai yi fumfuna ya yi wari. Rufi uku ya isa wa ƙananan yara, huɗu idan akwai 'yan shekara goma masu ƙarfin hannu. Da hunturu yakan bushe cikin 'yan awoyi, da damina kuwa sai an yi haƙuri.

Bayan ya bushe a fasa balan-balan a zare shi. A huda ƙofa biyu ko uku kusa da baki a zura igiya mai ƙarfi, a ƙarfafa wurin da kwali don kada ya yage tun bugun farko. Masu son tsini su naɗe kwali kamar mazurari su manna. Sai ado: takardu masu launi a yanka musu geza da almakashi, a manna daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya ɗan rufe na ƙasansa. A Meksiko ana cika ta Disamba da gyaɗa da gutsattsarin rake da lemu da alewa. Ku zuba gyaɗa mai ɓawo, dabino, alewa mai leda da biskit. Ban da duk abin da zai fashe ko ya narke.

Ranar fasawa a rataye ta a reshen bishiya ko a igiyar da manya biyu ke riƙe da ita, suna ɗagawa suna saukewa. A ja layi a ƙasa wanda ba mai tsallakewa sai mai sanda. Ƙanana ne ke farawa, ido buɗe. Manya a ɗaure musu ido, a juya su sau uku. Can akwai waƙar da ake rerawa, in ta ƙare lokacin mai bugu ya ƙare. Ku kuma ku zaɓi wata gajeriyar waƙar gaɗa ko ku ƙirga zuwa ashirin. Doka mafi muhimmanci: ba mai rugawa ɗiba sai babba ya karɓe sandar daga hannun mai bugu. Ku kuma ɓoye wata alewar a gefe, domin kullum akwai ƙaramin da za a ture ya tashi hannu wofi.

Mataki na biyar: Ranar Matattu

Yaro mai kallon katun ko mai riƙe waya zai ci karo da hotunan fuskoki masu zanen ƙoƙon kai da furanni ruwan lemo, ya tambaya. Gara ya ji amsar daga bakinku. Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba ne, ta farko ta yaran da suka rasu, ta biyu ta manya. Al'adar ta haɗa abin da mutanen ƙasar suka gada tun kafin zuwan Turawa da ranakun tunawa da matattu na cocin Katolika, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2008. Iyalai kan share kaburbura, su shirya wani teburi a gida da hotunan mamatansu da kyandir da ruwa da gishiri da burodi na musamman da abincin da mamacin ya fi so, su shimfiɗa wani fure mai ruwan lemo da suke kira sempasuchil tun daga ƙofa. Da yawansu sun yi imani cewa rayukan suna kawo ziyara a waɗannan darare. A wurare irin su Patskwaro da Miskik mutane kan kwana a maƙabarta.

Ku faɗa wa yaro wannan kai tsaye: haka suke yi, ga abin da suka yi imani da shi, ga kuma abin da mu muka yi imani da shi game da wanda ya rasu da yadda muke yi masa addu'a. Kada ku mai da shi abin tsoro, kada kuma ku mai da shi abin dariya. Ba bikin aljanu ba ne, kuma ba Halowin ta Amurka ba ce, ko da yake kwanakinsu suna kusa. Mutane ne ke kewar iyayensu. A ganina bai dace a kafa irin wannan teburi a aji a matsayin wasa ba, ko da addininku bai hana ba, domin ga masu shi ba wasa ba ne.

Abin da za ku iya ɗauka daga ciki shi ne ambaton magabata. Ku zaunar da yara ku zana bishiyar zuriya, ku kira kaka ta ba da labarin mahaifinta: sana'arsa, garin da ya fito, abincin da yake so. Yara da yawa ba su san sunan kakan babansu ba. Sai kuma adon takarda da ake ratayawa a wannan biki da kusan kowane biki nasu, papel pikado. Masu sana'ar a jihar Puebla da kurfi da guduma suke huda tarin takardu a lokaci guda. Yara kuwa almakashi ya ishe su: a ninke siririyar takarda mai launi sau uku, a yanke ƙananan siffofi a gefuna, a buɗe, a manna a zare.

Mataki na shida: zaman gida

Bukukuwan da ba su cikin kalanda su ne ke nuna yadda iyali yake. Ranar haihuwa akan tashi mutum da waƙar Las Manyanitas, wani lokaci har da makaɗan mariyachi, masu manyan huluna da goge da kakaki, waɗanda kiɗansu ya samo asali daga yammacin ƙasar, musamman jihar Halisko. Idan yarinya ta cika shekara 15 ana yi mata babban biki, kinseanyera: a je coci, ta yi rawa da mahaifinta, a canja mata takalmi maras tsini zuwa mai tsini, a ba ta 'yar tsana ta ƙarshe. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda ake ɗaukar nauyinsa. Iyaye kan nemi 'yan uwa da aminai, kowa ya ɗauki abu guda, wannan kek, wancan riga, wani makaɗa. Ana kiransu padrino da madrina, kuma zumuncin da ke ƙulluwa tsakaninsu da iyayen yarinyar ba ya ƙarewa da bikin. Ku tambayi yara su wa ke yin irin wannan a bikin gidanku, su lissafo da kansu.

Ku koya musu kalmomi kaɗan da za su yi amfani da su a ranar: ola don gaisuwa, grasiyas don godiya, abuwela kaka mace, abuwelo kaka namiji, tiya gwaggo ko inna, tiyo kawu ko baffa.

Mataki na bakwai: ranar taro

Ku zaɓi wata Asabar, ku gayyato yaran maƙwabta. Da safe a rataye papel pikado da tutocin da aka zana, zoɓo da horchata su shiga firji ko randa. Babban abincinsu da rana ake ci, tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu, kuma ba a tashi da an gama, ana zama a yi ta hira a wurin. Ku yi haka, kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya koya daga kalandar bango.

Bayan hira sai loteriya, wasan katin da ake yi a gidajensu. Na asali yana da kati 54, amma 24 sun isa. Tun kafin ranar yara su zana hotuna a ƙananan kwalaye da sunansu na Sifaniyanci: el sol rana, la luna wata, el gallo zakara, la sandia kankana, el alacran kunama, el pescado kifi, da sauransu. Kowane ɗan wasa yana da allo mai gida 16, huɗu tsaye huɗu kwance, da hotuna a jere daban da na ɗan uwansa. Mai kira ya zaro kati ya faɗi suna, ko ya yi kacici-kacici a kansa, wanda yake da hoton ya ɗora ƙwayar wake. Wanda ya fara cika layi ya ɗaga murya ya ce “loteriya”. Kada kuɗi ya shiga, ladan mai nasara shi ne ya zama mai kira a zagaye na gaba.

Pinyata ita ce ta ƙarshe, bayan la'asar, tun da sauran haske. Kowane yaro a ba shi leda mai sunansa kafin a fara, kuma waɗanda suka haura shekara takwas su ne za su share tsakar gida bayan an watse.